Keken Ɗangiwa a Turken Maccido

Mutanen Tambuwal har gobe suna cewa kakana ne ya kashe keken farko da ya taɓa shigowa ƙasarmu. Ni ban yarda ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai mun yi ta. Kakana Almu baduku ne a Kebbe. Ɗinki aka kira shi ya yi, ya kuwa yi ɗinkin da ba a taɓa ganin irinsa ba. In akwai mai laifi, a nemi mutum biyun da suka haɗa abin: Ɗangiwa mai keken, da taubashinsa Maccido.

Abin ya faru ne a ƙarshen zamanin daular Sakkwato, lokacin da ake jin labarin Nasara a bakin fatake amma ba a ga ko ƙeyarsu a wajenmu ba. Ɗangiwa ɗan Tambuwal ne. Ya bar gida yana saurayi da kayan wani a ka, ya bi ayarin masu goro har Ikko, can bakin teku, ya daɗe har aka gaji da tambayar labarinsa. Wata rana sai ga shi ya dawo da furfura a gemu, da tumbi, da wani abu naɗe cikin tabarmi wanda ya hana kowa taɓawa. Da ya kwance, mutane suka ga ƙarfe mai zagayayyun ƙafafu biyu, da sirdi, da ƙaho, babu kai babu wutsiya. Ya ce sunansa keke, haka mutanen Ikko suke kiransa. Ya hau ya zaga bakin kasuwa yana kaɗa ƙararrawa, awaki suka watse, wata mai fura ta yi ɓarin ƙwarya guda, kuma ba ta ma tsaya neman wanda zai biya ta ba.

Mahaifiyar Ɗangiwa 'yar Kebbe ce, ta rasu yana can Ikko. Wannan abu ya tsaya masa a rai, ko da yake bakinsa bai cika faɗa ba. Danginta kuwa sun bazu cikin ƙauyuka, daga Kebbe har Fakku da bayanta. Sai ya tsaya tsakiyar kasuwar Tambuwal, inda kowa zai ji, ya yi alkawarin zai bi su gida gida ya gaishe su a kan keken nan, ba zai ce ya gama ba sai ya taka ƙauyen ƙarshe.

"Bisa ƙafa sunka ga na tafi," in ji shi, "bisa ƙarfe za su ga na dawo."

Amma zumunci ba a fara shi daga wutsiya. Dole ya soma daga Kebbe, gidan da aka haifi uwarsa, gidan kawunsa marigayi Ɗan'iya, inda yanzu ɗan kawun, Maccido, yake maigida.

Hanyar Kebbe a lokacin rairayi ce da ƙaya, ƙafar keke kuwa iska ce a cikinta. Ɗangiwa ya duba hanya, ya duba keke, tausayi ya kama shi. Sai ya sami masu jakai da za su ci kasuwar Kebbe, ya roƙi jaki guda, aka ɗora keken a kai aka ɗaure, shi kuma ya bi baya a ƙasa da tumbinsa. Haka aka fita gari: abin hawa a kan abin hawa, mai su yana tafe yana share gumi.

Ba wanda suka gamu da shi a hanya da bai tsaya ba. Wata Bafillatana mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta ta zaga jakin tana leƙe.

"Baƙo, wanga doki naka ciwo shika yi?"

"Lafiyatai lau," in ji Ɗangiwa. "Hutawa shika yi."

"To kai mi kaka yi ƙasa?"

"Ni na huta tun Ikko."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ba ta dai faɗi wanne daga cikinsu take nufi ba. Da suka zo wani rafi, jakin ya ƙi shiga da kaya mai ƙaho, sai da Ɗangiwa ya naɗe riga ya ɗauki keken a ka ya haye. Masu jakai suka ce ai ga shi nan yadda ya bar gida, da kaya a ka, shekarun Ikko duk ba su canja komai ba. Ya yi dariya tare da su, amma maganar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi.

Shi ya sa washegari da hantsi, da ya hango kukokin bakin Kebbe, ya ce a tsaya. Ya sauke keken, ya goge shi da gefen rawaninsa, ya sake riga, ya rataya jakarsa, ya hau. Ba zai shiga garin uwarsa yana bin jaki ba. Tafiyar ba ta fi a kira mutum ya ji ba, kuma a cikinta ne ƙayar aduwa ta shige ƙafar gaba ta zauna daram, ta toshe ramin da ta huda. Ɗangiwa bai sani ba, hankalinsa yana kan matan da ke leƙowa ta saman danga.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Maccido. Manomi ne mai 'yan shanu, siriri, mai son wasa, wanda za ka iya zagin gonarsa da hularsa ya yi ta dariya. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: turken baƙi da ke bayan zaurensa. Tun zamanin kakanninsu gidan yake da ƙa'ida, cewa dabbar baƙo amana ce, za ta ci kafin ta gida ta ci, kuma ba za ta fita da aibin da ba ta shigo da shi ba. In kuwa ta sami aibi a turken nan, to dabbar maigida ce za ta bi baƙon a madadinta. Ba zancen baki ba ne. Wata shekara jakin wani baƙo ya karye a gidan, Ɗan'iya ya kwance takarkarinsa guda ɗaya tilo ya miƙa, shekarar nan da kansa ya yi ta jidar taki zuwa gona. Maccido da Ɗangiwa suna yara a lokacin, da idonsu suka gani.

Dabbar Maccido kuwa goɗiya ce, ana kiranta Gunya saboda launinta. Uwarta ta mutu ranar da ta haife ta, shi ya raine ta da nonon saniya a ƙoƙo, yana tsoma yatsa tana tsotsa. Yanzu ta fara tsufa, ba ta da gudu, ba ta da wani kyan da za a tsaya kallo. Amma in Maccido ya yi tari a zaure sai ta amsa daga bayan gida, kuma duk Kebbe an san yana gaya mata abin da ba ya gaya wa mutane.

Yana zaune ƙofar gida ya ji ƙararrawa, ya ɗaga kai ya ga ƙato a kan ƙarfe, mutane na biye.

"La ilaha illallahu! Barana ya dawo!" Ya miƙe. "Wa yab ba ka izinin yin tumbi ban sani ba?"

"Ji mini wanga tsinke," in ji Ɗangiwa yana sauka. "Ni da nib bar ka kana kiwon awakina? Ina ribata?"

Suka rungume juna, suka yi ta zage-zagen da taubasai kaɗai ke iya yi wa juna a kwashe lafiya. Sai da aka ambaci tsohuwa sannan suka yi shiru, aka shafa fatiha. Fatsuma matar Maccido ta aiko da ruwa da fura. Da Ɗangiwa ya sha, ya ce zai zaga gari ya gai da tsofaffi tun rana ba ta yi ba, a ƙasa, don ba a zuwa gaban tsoho a kan abin hawa. Maccido ya kama ƙahon keken zai kai turke.

"Tsaya in gaya ma," in ji Ɗangiwa. "Wagga dabba ba ta ci, ba ta sha, ba ta fitsari. Jingine ta ga bango, kak ka taɓa ta."

"To, ubangidana," in ji Maccido yana murmushi.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun suna yara Ɗangiwa bai taɓa gaya wa Maccido magana ta miƙe ba. Shi ne ya taɓa ce masa in ya shuka gishiri zai tsiro. Don haka da Maccido ya ji an ce dabba ba ta ci ba ta sha, sai ya gane tarko ne: so ake ya bar ta da yunwa, a yi shekara ana ba da labarin rowar gidan Ɗan'iya. Ya ja keken ya ɗaure a turke da igiya mai kyau, ya zuba harawa, ya kawo ruwan kanwa a akushi. Gunya ta miƙo wuya daga nata turken, ya ce mata ta yi haƙuri, baƙo ake fara ba.

Maccido ba wawa ba ne, ya ga ƙarfe ne. Amma bai taɓa ganin ƙarfen da ke tafiya da mutum ba, kuma a ganinsa abin da ke tafiya yana da haƙƙi. Da ya ga ba a taɓa harawar ba, sai ya yi abin da yake yi wa kowace dabbar da ta sha hanya: ya durƙusa duba ƙafafu. Ya shafa ta baya, lafiya. Ya shafa ta gaba, yatsansa ya ci karo da gindin ƙaya.

"Kai, bawan Allah bai da tausai," ya ce. "Dabba na ɗauke da ƙaya shina ta surutu."

Ya ciro hantsakin da ke rataye a wuyansa, ya kama ƙayar, ya yi bisimilla, ya fizge.

Keken ya ja wani dogon tsaki. Maccido ya ja da baya, tsakin bai tsaya ba, ya koma kamar numfashin tsohon da ya gaji da duniya. Yana kallo ƙafar gaba ta yi laushi, ta lotsa, ta kwanta a ƙasa shame-shame. Sai shiru. Maccido ya duba ƙayar da ke bakin hantsaki, ya waiwaya ya dubi Gunya.

"Fatsuma!"

Ta fito da muciya a hannu. Fatsuma mace ce da ba ta iya ganin abu ta bar shi ya wuce ba sharhi.

"Mi kay yi mata?"

"Ƙaya nic cire."

"Shi mai ita mi yac ce ma?"

"Yac ce kar in taɓa."

"To madalla. Sau guda ɗan Tambuwal yaf faɗi gaskiya duniya, kai kuma ranan nan kaz zaɓa ka ƙi ji."

Ta matsa ƙafar da yatsa, ta ce wannan ba ciwon dabba ba ne, salka ce ta huje, a kira mai ɗinkin salka. A nan kakana ya shigo labarin, kuma ina so a lura, kiransa aka yi.

Almu ya zo da jakar aikinsa. Mutum ne da ya yi suna a kan guga da salka, wanda ke cewa abin da ya ɗinka ko hawaye ba ya yi. Ya zaga keken, ya murza gemu, ya sa ƙotar wuƙa ya ɓanɓare baƙar fatar waje. A ciki ya tarar da wani abu mai laushi kamar hanjin rago, ya zaro shi. Ya nemi hujin da ƙyar, don bai fi bakin allura ba.

"Ga shi nan," ya ce. "Ƙaramin aiki na. Sai dai ba a ɗinkin rami, sai an buɗe shi ya yi baki biyu."

Ya sa aska ya tsaga wurin, ya yanko jar fatar akuya mai kyau, ya ɗora, ya bi da basilla da zaren jijiya, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran ɓera. Ya shafe da man shanu yadda ake yi wa salka. Duk wanda ya san aikin fata ya ga ɗinkin nan sai ya sara masa.

Saura mayar da iska. Suka ga wani ɗan bututun ƙarfe a jikin hanjin, Maccido ya kafa baki ya yi ta hurawa har idanunsa suka yi ja, jijiyoyin wuya suka tashi. Hanjin ya ɗan motsa, sai suka ji tsaki, wannan karon ba daga wuri ɗaya ba, daga duk inda basilla ta bi. Almu ya ce ɗinkin ne bai yi yawa ba, ya ƙara layi a bayan na farko. Aka hura, sabon layin ma ya yi tsaki. Ya faɗaɗa fatar, ya bi tsakin da basilla, tsakin ya gudu gaba, ya bi shi. Fatsuma ta aika aka aro zugazugin maƙeri, aka zuga, wani wuri ya yage, aka ɗinke. Kafin azahar ta wuce, hanjin nan ya sha jar fata kusan zagaye, har kakana, da ya ga aikin ya yi tsawo, ya ɗan sa masa ado da baƙin zare don kada ya yi muni.

Sai ya ajiye basilla ya ce, "Maccido, ni dai na yi iyakata. Wagga fata ba ta Allah da Annabi ba ta."

Maccido ba ya ma wurin. Tun ɗazu ya daina hurawa, ya koma gefen Gunya yana cire mata ƙudan doki a wuya, ko da yake babu ko ɗaya.

Da la'asar Ɗangiwa ya dawo, cikinsa ya yi nauyi da furar gidaje. Ya shigo yana kiran baransa ya zo ya cire masa takalmi, ya zagayo bayan zaure, ya tsaya cak. Ga keke ɗaure a turke, ga harawa, ga ruwan kanwa, ga zugazugi, ga hanji shimfiɗe a kan tabarma ya yi ja kamar layar amarya. Aka gaya masa yadda aka yi. Sai ya buɗe jakar da ke rataye a kafaɗarsa tun safe, ya fito da ɗan famfon hura iska, da wani ɗan gwangwani mai danƙo a ciki da 'yan ɓallin roba.

"Hujin ƙaya," ya ce a hankali, "da wanga aka liƙe shi. Kamin a sha ruwa an gama."

Ya ɗaga hanjin, ya duba ta hasken rana, rana ta leƙo ta wurare da yawa. Robar da ke gwangwanin ko kusa ba za ta rufe su ba, kuma daga nan har Ikko babu inda za a sami wani. Ya ɗauko abin nan daga bakin teku, ya bi jaki a ƙasa saboda shi, ga shi ya lalace tun bai taka ƙauye ɗaya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma da ya dubi adon baƙin zaren, sai dariya ta ƙwace masa, ya zauna a ƙasa yana yi yana riƙe ciki. Almu ya taya shi, Fatsuma ma.

Maccido kaɗai bai yi ba. Ya kwance Gunya daga turkenta, ya jawo ta, ya miƙa wa Ɗangiwa igiyar.

"Mi na wanga kuma?" in ji Ɗangiwa yana share ido.

"Dabbakka ta shigo da ƙafa biyu. Ga turkena tas samu aibi."

"Kai tafi can! Ƙarfe na fa. Ni da kai, ai wasa na."

"Komi namu wasa na, Ɗangiwa. Ban da wanga turke. Kana nan Baba yab ba da takarkari."

Dariya ta ɗauke. Ɗangiwa ya dubi fuskar taubashinsa, ya ga babu wasa a cikinta ko na ƙwayar gero. Ya san gidan, jininsa ne. In ya ƙi karɓa, ya ce ke nan turken Ɗan'iya ya mutu a hannun ɗansa, kuma Maccido ba zai ƙara ɗaga kai a Kebbe ba. In ya karɓa, ya raba mutum da abin da ya raina da yatsansa. Ya dubi Fatsuma ko za ta ce wani abu, ita da ba ta rasa magana, sai ya ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya karɓi igiyar.

"Na karɓa," ya ce. "Almu, kai ad shaida. Tawa ta?"

"Taka ta," in ji Maccido.

Ɗangiwa ya ja goɗiyar ya fita, ba sallama ba waiwaye. Gunya ta yi turjiya a bakin zaure, ta juyo da kai, Maccido ya ce mata ta je, ta bi. Suna jin takunta har ya ɓace. Almu ya tattara kayansa, amma ya kasa tafiya. Maccido ya zauna a gindin turken da ba komai, ya ɗauki akushin da take sha ya riƙe a cinya. Babban mutum, mai jikoki, hawaye suna zuba yana barinsu. Fatsuma ta ce wa kakana ita ba ta taɓa jin ta tsani ɗan Tambuwal kamar yau ba.

Rana ta yi sanyi, kaji sun fara neman wurin kwana, sai aka ji sallama a ƙofar gida, irin ta baƙon da bai san kowa ba.

"Salamu alaikum! Ko nan a gidan Ɗan'iya, inda aka sauke baƙi?"

Maccido ya goge fuska ya fita. Ɗangiwa ne tsaye, riƙe da Gunya. Ashe ganuwa kawai ya zaga da ita ya shigo ta wata ƙofa.

"Maigida, baƙo na ni, daga Tambuwal," ya ce, fuskarsa a ɗaure. "Ina da doguwat tafiya gabana, kuma na yi alkawali gaban mutane bisa keke za ni yin ta, ba bisa goɗiya ba. An ce mini gidanga ba a mai da dabbab baƙo. Ga tawa, amana, sai na gama yawona in zo in ɗauka."

Maccido ya juya zancen a ransa. Ya nemi inda zai kama maganar ya ƙi, ya rasa, don ƙa'idar da ta fitar da goɗiyar ita ce ta dawo da ita.

"Yaushe za ka gamawa?" ya tambaya.

"Ina ruwan bara da tafiyar ubangidanai? Ka dai kula da ita. Tsohuwa ta, tana son a riƙa yi mata magana. In nid dawo nig ga ta rame, ni da kai na."

Maccido ya karɓi igiyar da hannu biyu. Bai kai ta turkenta ba. Ya kwance keken ya jingine a bango, inda aka ce masa tun farko, ya ɗaure Gunya a turken baƙi, ya tura mata harawar da keke ya ƙi ci. Ya dafa wuyanta ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. An sha hanya."

Da safe Fatsuma ta ce tunda fatar waje lafiyarta lau, a cusa mata wani abu mana, kamar matashi. Aka kawo audugar rimi da busasshiyar ciyawa aka danna a ciki, kakana ya bi da igiyar ƙiri ya ɗaure tam. Ɗangiwa ya hau. Keken ya tafi, sai dai kowane juyi sai ya yi tsalle, tumbin mai shi yana amsawa, haƙoransa suna haɗuwa. Maccido ya raka shi har bakin gari yana ce masa ya riƙe linzami da kyau kada dabba ta ga ciyawa a cikinta ta tsaya kiwo. Haka aka fara yawon, kuma ƙaya ba ta ƙara samun abin sacewa a ƙafar gaba ba, wanda ni a ganina ya isa a gode wa kakana.

Ɗangiwa ya shiga cika alkawarin gaisuwa. Ya je Fakku, ya bi ƙauyukan da ke kewaye, ya zauna da tsofaffin da suka san uwarsa tana yarinya, suka ba shi labarinta, ya yi kukan da bai samu ya yi a Ikko ba. Bayan haka kusan kowace kaka sai ya zo Kebbe. Ya sha fura, ya zagi Maccido, ya zaga bayan zaure ya duba haƙarƙarin goɗiyarsa ya ce ta rame, alhali har ta fi shi tumbi. Kowane zuwa Maccido sai ya kwance igiya ya miƙa masa, don ƙa'ida ce.

"Ka gama yawon?"

"Saura ƙauye guda."

Akwai wani ɗan ƙauye bayan Fakku inda wata 'yar ƙanwar kakarsa, Bara'atu, take aure. Daga bakin hanya ana hango rufin ɗakunansu. Bara'atu ta yi ta aike tana cewa me ta yi wa Ɗangiwa da ya gai da kowa ya tsallake ta. Sai ya aika mata da goro da turmin zane, ya roƙe ta ta fito Fakku ranar kasuwa su gaisa a can. Kekensa ya bi ta mararrabar ƙauyen nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yana tsalle yana kaɗa ƙararrawa. Da ya zo daidai wurin sai ya kau da kai ya dubi ɗaya gefen, ya ƙara taka feda.

Gunya ta tsufa a turken baƙi, tana ci kafin kowa ya ci. Har Ɗangiwa ya koma ga Allah bai taka ƙauyen nan ba.